Hadarin da Baban Sama Bai Gani Ba

Duk layin ba mai kiransa da sunan yanka. Baban Sama ake ce masa, domin tun yana saurayi rabin rayuwarsa a saman gidajen mutane ya yi ta, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki. Kafinta ne, amma ba na gado da kujera ba, rufin kwano ne sana'arsa. Gajere ne mai faɗin tafin ƙafa, wuyansa kuma ya saba da ɗaguwa, ko magana yake da kai sai ka ga haɓarsa tana neman sama. Baƙi sukan ɗauka girman kai ne. Ina girman kai ga mutumin da wandonsa duk tsatsa? Gajimare yake kallo.

Mai rufi ba shi da abokin gaba kamar ruwan sama. Ka yaye wa mutum ɗaki, ka bar katifarsa da kayan matarsa a fili, ruwa ya sauko, to ko ka ba da haƙuri har muryarka ta dishe ba za a sake kiranka ba, kuma sai jikokinka sun sha labari. Shi ya sa maigidan da ya koya masa aiki bai fara ba shi guduma ba. Zaunar da shi yake a kan tsani ya nuna sama ya ce, "Me ka gani?" In ya ce gajimare, ya sha ranƙwashi. "Wane iri? Kai in aka tambaye ka wa ya zo, cewa kake mutum?"

Da ranƙwashin nan ya koye su, da sunayen da maigidan ya raɗa musu da waɗanda shi ya ƙara daga baya. Siraran fararen nan na can ƙololuwa, tsefe suke ce musu, don kamar gashin tsohuwa suke da aka tsefe ba a kitsa ba. Su ba ruwa gare su, amma in suka yi ta ƙaruwa har suka lulluɓe sama, rana ta yi zobe, to gobe ko jibi kada ka taɓa rufin kowa. Mai toka-tokan da ke sauko wa gari ya rufe ko'ina, shi ne bargo, ba ya faɗa, yayyafi zai yi ta yi maka har ka gaji da tsaki. Wanda ya fi so shi ne auduga, fararen dunƙulen nan masu shafaffen gindi. In faɗinsu ya fi tsayinsu, yi aikinka har da waƙa. Amma da zarar ɗaya ya fara kumbura yana hawa kan kansa, ka sa masa ido, domin in ya kai inda zai kai, kansa ya baje gefe guda, ya zama mai laima ke nan. Mai rufin da ya ga mai laima bai sauko ba, ya gaji da duniya ne.

A duk shekarun da ya yi yana hawa, ruwa bai taɓa kama shi da ɗaki a buɗe ba. Wannan ya jawo wa mutanen layin wani lalaci da ya kamata a yi musu faɗa a kai, wato suka daina ɗaga kai. Al'adarsa ce in ya fito da safe ya duba sama ya ga rana ce ta aiki, sai ya jawo dogon tsaninsa daga lungu ya jingina a bangon waje kafin a zo ɗauka. To, tsanin nan ya zama agogon kowa. Mace za ta yi shanya, sai ta leƙo ta ga ko yana bango. Mai fenti, mai bulo, har mai gyaran katifa, kowa tsani yake dubawa. Wanda ya fi kowa dogara da shi kuwa shi ne Mai Wanki, tsohon da ke da igiyoyin shanya a filin da ke tsallaken titi, mai wanke zannuwan gado na wani masauki. Abokai ne tun suna da baƙin gashi, kuma ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Tsoho, yau ma ba ka faɗo ba?" in ji Mai Wanki.

"Ina jira ka gama wanke zanin da za a rufe ni da shi. Na san kai, sai ka bar datti a gefe."

Gidan Baban Sama ɗan siriri ne. Ƙasa ɗakin kayan aiki da kwanan 'yarsa Auta, sama ɗaki ɗaya tak, nasa da matarsa. Matakalar da ke tsakani shi ya yi ta da hannunsa, kuma don ya rage fili ya matse ta, ya sa mata kwana a tsakiya, mutum ɗaya ma sai ya karkace. Lokacin suna da ƙafafu, abin dariya ne. Maman Auta, wadda tela ce mai jiki da baki, takan ce ranar da ta ƙara ƙiba sai dai a riƙa miƙo mata abinci da igiya.

Sai ga shi wata safiya ta faɗi a gaban keken ɗinkinta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti, sai da majiya ƙarfin layin suka taru suka yi gumi kafin suka wuce da ita kwanar matakalar nan, tun daga ranar kuma ba ta sake sauka ba. Magana ta dawo mata, da nauyi-nauyi amma da barkononta. Hannu da ƙafa da duk gefen nan kuwa, ko ka tsunkule ta ba ta san kana yi ba. Damina ta farko da ta yi a kwance, rufin ɗakin ya riƙa ɗiga, danshi ya kama bango, sanyi ya shiga ƙirjinta. Ta yi makonni tana numfashi kamar ana jan zarto a ɗanyen katako. Da ta farfaɗo, likitan da ya zo gida bai ɓoye musu komai ba. Ya ce wannan ƙirjin ya yi iya nasa, in sanyi ya sake shigarsa ba zai ɗauka ba.

Mai rufin gari, ɗakinsa na yoyo. Mai Wanki ya yi masa wannan gorin har ya gaji. Ya yi faci, ya shafa kwalta, ya sake faci, amma ya san kwanon ya mutu. Ya samo sababbi ya jera a lungu, ya sayi katako, yana jiran rana ɗaya mai kyau kafin ruwa ya zauna sosai.

Abin da bai gaya wa kowa ba, ba zai iya gane ranar ba ko ta zo.

Da zobe abin ya fara. Ya ga rana da zobe yau, gobe da zobe, jibi ma haka, ruwa kuma shiru. Ya ce shekarar ce ta zo da sabon salo. Sai ya ga zobe a fitilar titi, ya gan shi a ƙwan lantarkin ɗakinsa, sannan ya gane zoben a idonsa yake. Yanar ido ce take rufe shi a hankali. Kafin damina ta zagayo, sama duk ta zama abu ɗaya gare shi, fari-fari kamar ruwan sabulu. Ƙusa ba ta dame shi ba, yatsunsa sun san kanta. Amma tsefe da auduga da mai laima duk sun narke sun zama ɗaya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a saman bene ba. In aka ji, wa zai ba makaho rufi? In Auta ta ji, za ta ɗaure tsanin da sarƙa. Kuma, gaskiyar magana, akwai kunya. Mutum ya yi shekara da shekaru ana tambayarsa sama, yanzu shi zai tambaya?

Sai ya nemi dabara. Zannuwan Mai Wanki manya ne, farare tas, ko da idonsa yana hango su a tsallake. Ya ce a ransa, mutumin da abincinsa ke kan igiya ai dole ya duba sama kafin ya shanya. Daga nan sai ya riƙa fitowa da safe ya ɗaga kai don mutane su gani, amma da wutsiyar ido filin shanya yake kallo. Bai taɓa kawowa a ransa cewa Mai Wanki ya fi kowa daɗewa da daina ɗaga kai ba. Suka yi ta jiran juna. Wannan na jiran tsani, wancan na jiran zani, har rana ta take, Mai Wanki ya gaji ya hararo sama da kansa yana mita ya fara shanya, sannan tsani ya fito. Mutanen layi suka ce tsofaffin nan biyu lalaci ya kama su.

Ranar da abin ya faru, Auta ce ta rikita lissafin, kuma da kyakkyawar niyya. Ta tashi za ta tafi kantin da take aiki a can ɗaya ƙarshen gari, ta ga tsani ya tare kwanukan da ke lungu, ta ce bari ta rage wa babanta wahala. Ta jawo shi ta jingina a bangon waje. Mai Wanki yana tsallake da baho cike, ya ga tsani da sassafe, ya ce yau tsoho ya tashi da ƙafar dama. Nan da nan ya cika igiyoyinsa kaf. Baban Sama ya fito yana goge fuska, ya ga filin ya yi fari fat tun rana ba ta ɗaga ba, zuciyarsa ta yi sanyi. Rabon Mai Wanki da shanya da wuri haka har ya manta.

Jikinsa dai ya yi masa magana. Garin ya yi tsit, ba iska, gumi na tsatso masa tun bai ɗaga komai ba. Kuma da idon da ne, da ya ga abin da ke sama da safen nan, ƙananan gajimare a jere kamar kunyoyin gona, kowanne da ɗan tsiro a ka. Shi da bakinsa ya sha gaya wa mutane cewa in kunyoyi suka yi tsiro da safe gari na gumi, la'asar ba ta da amana. Amma ya gaji da jira, ya gaji da jin ɗigar ruwa a roba kusa da kan matarsa, ga kuma zannuwa sun cika fili.

"Baba, yau ɗin za ka yi?" in ji Auta tana gyara jaka.

"Yau ne."

"Garin lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

Ita ma ba ta ɗaga kai ba. Me zai sa? Babanta ya ce lafiya lau.

Ƙa'idar aikin, ka cire kwano ɗaya ka sa ɗaya, yadda ko me ya taso ɓarakar ba ta da yawa. Haka ya yi niyya. Amma da ya ɗaga na farko ya taka katakon ƙasa, sai ya ji ya lotsa. Ya sa yatsa, yatsa ya shige. Gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Ya duba na gaba, haka. Ba inda ƙusa za ta kama. Ɗakin ƙarami ne, rufin gangara ɗaya, katakan sun ratsa daga bango zuwa bango, ba yadda za a sauya su sai an kwashe komai. Ya tsaya ya sake hango fararen zannuwa, ya ce bismillah, ya kwashe. Silin na kwali da ya sha ruwa ya fara zubowa da kansa, sai ya sauka ya lulluɓe matarsa da zani, ya ɓamɓare shi duka, ya share, ya yaye mata zanin.

Maman Auta ta buɗe ido ta ga sama. Rabonta da ganinta haka a buɗe tun kafin ta faɗi. Hawaye ya gangaro mata ta gefe ɗaya, sannan ta tuna ita wace ce.

"Malam, da ka san haka ɗakin zai yi kyau ai da tuni ka bar shi. Kada ka rufe."

"To, sai ki riƙa biyan kuɗin kallo."

Ya yi aiki kamar mai shekara talatin. Ya jawo sababbin katakai da igiya, ya auna da taƙi, ya yanke, ya kafa. Da rana ta karkata, bangon yamma ya yi mata inuwa, fuskarta na kallon gabas, tana ta ba shi labarin tsuntsayen da ke wucewa. Saura katako biyu ya ɗaure ya fara ɗora kwano, sai ya ji ta bar labarin tsuntsayen. Can ta ce, "Malam, audugar nan taka ta yi tsayi fa."

Ƙusoshi na bakinsa ya ce, "Wacce?"

"Wacce kuma? Ga ta nan ta cika gabas."

Ya juya ya ɗaga kai. Fari. Ya murza ido da bayan hannu ya sake dubawa. Fari, da wani wuri da ya ɗan fi wani duhu, ko kuwa idon ne. Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa.

"Gindinta fa, wane launi?"

Yana jin idonta a kansa ta tsakanin katakai.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun bara."

"Na ga kana laluben cokali, na ɗauka ƙananan abubuwa ne suka fara guje maka. Ashe har da sama." Sannan ta ce, "To, da me ka yaye mana ɗaki?"

"Ki bar wannan. Gaya mini abin da kike gani, kada ki rage komai."

Ta yi shekaru tana jin sunayen nan a bakinsa har tana ce masa ya ishe ta. Yau ta jero masa su daidai. Gindin baƙi ne kamar bayan tukunya. Jikin yana kumbura tana kallo. Kan kuwa ya daina hawa, ya fara bajewa.

"Ta wane gefe ya baje?"

"Ta nan. Ta kanmu."

Mai laima ne, kuma laimar su take nunawa. Ya san abin da ya rage masa na lokaci, ya san abin da aikin ke bukata, kuma biyun ko kusa ba su haɗu ba. Kwanuka duk suna ƙasa a lungu. Ya miƙe a kan katako ya ƙwala wa Mai Wanki kira, ba da tsiya ba, da sunan da bai kira shi da shi ba tun suna samari. Mai Wanki ya tsallako yana ɗingishi, ya bi hannunsa da kallo zuwa gabas, bakinsa ya buɗe.

"Kai, me ka yi haka? Ba ka gani ba?"

"Ba na gani. Shanyarka na gani na hau."

"Shanyata? Ni tsaninka na gani na shanya."

Suka tsaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mai Wanki ya waiwaya ya dubi zannuwan mutane cike da fili, ya juya musu baya ya shiga gidan.

Suka fara gwada sauko da ita. Baban Sama ya kama kafaɗu, Mai Wanki ya kama ƙafafu. Jikin da rabinsa ba ya taimakon kansa nauyinsa biyu ne. Da ƙyar suka raba ta da katifa, ba su kai ƙofa ba sai gadon bayan Mai Wanki ya riƙe, ya durƙusa, saura kaɗan kanta ya bugi ƙarfen gado. Ko sun kai ƙofar ma, ga kwanar matakala na jiransu. Ta ce, "Ku mayar da ni. In kuka sake ni a matakalar nan ai gara ruwan." Suka mayar da ita suna haki. Ya kira Auta a waya, ta ce ga ta nan, amma ya san tsakaninsu gari guda ne. Ya leƙa titi ya yi kira. Maza duk sun fita nema, matan da suka rage kuma kowacce na tseren kwashe abin da ta baza saboda tsaninsa, ba mai jin kiran wani.

"Miƙo mini kwano," ya ce. "Saman gado kawai za mu rufe."

Mai Wanki na ƙasa yana ɗaurawa da igiya, shi yana ja. Ya shimfiɗa na farko ta wajen ƙafafunta, ya lalubi katako ta ƙarƙashi, ya buga. Gudumar da ba ta taɓa kuskure ba ta sauka a babban yatsansa, bai ma tsaya jin zafin ba. Ita kuma daga kwance tana karanta masa sama.

"Ya ci rabi."

"Rana fa?"

"Ta shige. Malam, gabansa ya yi wani dogon leɓe baƙi, ƙasa-ƙasa, kamar zai taɓa rufin mutane."

"Bayan leɓen?"

"Toka. Har da kore-kore."

Bai gaya mata cewa koren nan ƙanƙara yake nufi ba. Ya buga na biyu. Cida ta yi gurnani daga nesa, ta sake yi kusa. Garin ya ƙara yin tsit, ko ganye ba ya motsi, ya san shirun nan, shi ne na ƙarshe. Ya jawo na uku, wanda zai rufe ƙirjinta da kanta, ya daidaita shi, fuskarta ta ɓace masa a ƙarƙashi. Ƙusa ɗaya ya samu ya buga. Yana ɗora ta biyu iska mai sanyi ta doki bayansa.

Kwano na huɗu da ke kan igiya ya fizge ya tashi, ya ji ƙararsa can a wani gida. Wanda ke gabansa ya ɗaga baki yana kaɗawa, ƙusa ɗayan nan tana ƙara. Kwano a iska wuƙa ne, ya ga wanda ya raba mutum da hannu. In ya saki ya nemi ƙusa, ya tafi. Sai ya jefar da gudumar, ya kwanta rub da ciki a kansa, ya baza ƙafafu, ya zura yatsunsa ta gefe ya riƙe katako.

"Shiga ɗakin," ya yi wa Mai Wanki ihu. "Rufe ta da leda."

Mai Wanki ya hau da babbar ledar da yake naɗe wankakkun kaya, ya lulluɓe ta daga wuya zuwa ƙafa a kan bargonta. Bai gama cusa gefen ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Baban Sama bai taɓa sanin ruwa na da nauyi haka ba, shi da kullum a ƙarƙashin rumfa ruwa ke samunsa yana kallon wasu na gudu. Ya dake shi a baya, ya shiga kunnensa. Sai ƙanƙara ta biyo, ƙanana, suna tsalle a kwano suna sarar ƙeyarsa. Iska ta ɗaga shi da kwanon gaba ɗaya ta ajiye, ta sake ɗagawa. Bakin kwanon ya shiga yatsunsa, yana jin ɗumin jini na bin ruwa. Walƙiya ta haska, har idonsa ya gan ta, ya tuna a kan ƙarfe yake kwance, a wuri mafi tsayi a layin. Bai damu ba. Abu ɗaya ne a ransa, kuma tsakaninsa da shi kaurin kwano ne kawai. Ya kafa baki a jikin ƙarfen.

"Ya taɓa ki?"

"Bai taɓa ni ba," muryarta ta taso daga ƙasa. "Ka sauko."

Bai sauko ba. Ya yi kuka a wurin, kukan haushin kansa, ruwa na wanke shi. Ya roƙi Allah ya ɗora masa duk sanyin, shi da ya jawo. Duk sanda iska ta lafa sai ya sake tambaya, ita kuma ta sake cewa bai taɓa ta ba, har ta fara yi masa faɗa wai ya dame ta. Faɗan nan ya fi masa komai daɗi. A ƙasa yana jin Mai Wanki na kwarfar ruwa da roba yana turawa ta matakala yana zagin gwiwarsa.

Irin wannan hadari ba ya daɗewa, ya zo da fushi ya wuce. Iska ta kwanta, ruwan ya koma yayyafi, ya tsaya. Sai da ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya daga katakon, don sun ƙi buɗuwa. Ya sauko tsani yana rawar ɗari, ya hau matakala da ruwa ke gangarowa a kanta. Ɗakin ya zama tafki. Akwatin kaya, keken ɗinki, labule, komai ya jiƙe sharkaf. Ya nufi gado da lalube, ya yaye ledar, ya shafa bargon da bayan hannu don kada ya ɓata shi da jini. A bushe. Ya shafa wuyanta, ya shafa ƙirjinta. A bushe, da ɗumi. Ya zauna a bakin gadon yana hamdala.

"Na gaya maka," ta ce. "Kai dai ba ka yarda da maganar mace."

Ya sa hannu ta bayanta zai gyara mata kwanciya, ta gefen bango. Hannun ya nutse a ruwa.

Kwanon bai kai bango ba, saura ɗan taƙi. Ta nan ruwan ya bi bango ya gangaro, ya shiga katifa ta ƙarƙashin leda, inda ba mai gani. Gefenta na hagu ne a wurin. Daga kafaɗa har ƙugu rigarta ta manne da fata, fatar kuma sanyi ƙalau kamar randa. Tun farkon ruwan take kwance a ciki. Ba ƙarya ta yi masa ba, ba ta ji ba ne.

Ya ɗago ya dubi inda Mai Wanki yake. "Samo mini busasshen zani. Ko wane iri."

Mai Wanki ya zo ya taɓa katifar, ya gane. Ya dubi akwatin da ke iyo, ya leƙa taga ya hango zannuwansa kwance a taɓo. Ya ce a hankali, "Bari in bi gidaje," ya fita yana dafa bango.

Baban Sama ya janye bargon nan ɗaya da ya tsira, ya mirgina ta zuwa busasshen gefe, ya cire mata jiƙaƙƙiyar rigar. Ya shiga gurza mata baya da haƙarƙari da ƙarfinsa duka, ko ɗumi zai dawo. Ba ta san yana yi ba. Fuskarta na kallon ɓangaren da har yanzu ke buɗe, tana ba shi labari da nauyin harshenta, wai gabas ta washe, wai saura 'yan yage-yage ne ke bin bayan hadarin, wai in ya yarda daga yau ita za ta riƙa duba masa, ya dai buɗe mata taga babba a saitin gado.

Tari ya katse ta. Ɗan ƙarami ne, irin wanda mutum kan yi ya ci gaba da magana. Hannunsa ya tsaya a bayanta, ya riƙe numfashi yana saurare.

Ta buɗe baki za ta ƙarasa, na biyu ya zo, daga can ƙasan ƙirji.